Iyakar Gyaran Shuɗiya

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ɗawainiyar makaranta. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban bas kamar zamanin da. Wannan magana ba ta waya ba ce. Tun da idon Baba ya yi rauni kunnensa ya ninka, ko raɗa na yi a bayan gareji sai in ji daga ɗaki, "Da wa kake?" Rubutu ne kaɗai ya fi ƙarfinsa yanzu.

Maganar Shuɗiya ce, tsohuwar motarsa. Kin san shekara ashirin da shida tana ƙarƙashin tamfal a kusurwar garejina, kaji na ƙwai a kujerar baya. To, ranar da muka dawo daga wurin likitan ido, aka ce masa abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa ragowar. Muna shiga gida ya wuce kusurwar nan, ya yaye tamfal da hannunsa, ya ce, "Auta, kai ne bakanike a gidan nan ko kuwa suna ne? Ina so in ga motata kamar ranar da na saye ta, kafin hasken ya ƙare."

Yaya, wa zai ce a'a? Na fara. Na kankare tsatsa, na yi waldar ƙasan ƙofofi, na samo madubin hagu a wurin masu tsofaffin kaya. Shi kuwa kullum yana kan benci yana ba ni umarni, ni da furfura a gemuna.

Jiya kuwa sai ga wata sabuwa. Ina kwance a ƙarƙashinta na ji yana gaya wa abokinsa tela, "Ranar da aka gama, ni zan sauka da ita gangaren nan da kaina." Gangarenmu fa, Yaya, wanda ya ƙare a mahaɗar da mutane ke jiran bas. Mutumin da shekaranjiya ya gaida randar ruwa ya zaci matata ce!

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In na tsaya na karya masa zuciya, in na gama na miƙa masa ajali da hannuna. Ina zan tsaya? Ke ce babba, ki yanke.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, ina gaida matarka da yara. Ka gaida Baba, ka ce masa ina nan tafe da an yi hutu.

Na karanta a ofis tsakanin darasi biyu. Ban ga laifinka da ka fara ba, ni ma da ina nan bakina ba zai iya ce masa a'a ba. Amma ka buɗe kunnenka da kyau, don na san ka. Tun kana ƙarami in aka ce ka gyara ƙafar kujera sai ka kwance kujerar gaba ɗaya.

Gani ya ce yana so. To, ka ba shi abin gani. Ka yi fenti, ka ɗinke kujeru, ka goge ƙarfen bamba har ya ga inuwarsa a ciki. Inji kuwa kada ka taɓa. Ko ƙusa ɗaya. Duk abin da zai sa motar nan ta motsa daga inda take, ba ruwanka da shi. In ya tambaya ka ce kayan sun ɓace a kasuwa, ai mota ce da ta girme ka, ba ƙarya ka yi sosai ba.

Kada ka ce zan yi masa nasiha. Shekara arba'in yana tuƙi bai taɓa ko kaza ba, kuma shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya. Wanda zai gaya masa yanzu bai iya ba, ba a haife shi ba tukuna. Kai dai ka sa abin ya gagara, shi ke nan.

Tun jiya ko wace mota ta yi hon a bakin makaranta sai gabana ya faɗi. Garin neman gira kada mu rasa ido, Auta. Ka rubuto mini ka ce ka ji.

Yayarka

Talata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji, kuma na yi niyyar bi, Allah ne shaidata. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

An yi fenti. Da ma kin ga shuɗin! Har masu wucewa na leƙowa. Na kawo Baba gabanta da rana tsaka, ya tsaya ya daɗe, yana juya kai hagu da dama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Can ya ce, "Ka ce shuɗiya ce?" Na ce i. Ya ce, "Ni dai duhu-duhu nake gani." Ya shafa bonet, ya ce a hankali, "To ko muryarta in ji, Auta. Kunnen dai yana nan."

Yaya, na kasa. Kwana huɗu na yi a kan injin. Na wanke kafireto, na sa sabbin filogi, na ɗauro batir. Da ta tashi, wallahi sai da tela ya bar kekensa ya tsallako titi. Baba ya kifa kansa a kan sitiyari yana dariya, hawaye na zuba. Rabona da jin dariyarsa tun rasuwar Mama.

Amma ban yi wauta ba, ki saurara. Akwai wani ɗan abu a injin da ake kira rota, bai kai kan cokali girma ba, shi ke raba wuta ga filogi. In babu shi ko aljani ba zai tada motar ba. Da mun gama sauraro sai in zare shi in jefa a aljihuna. Na ce wa Baba na aro ne, nata na asali ba a samu ba.

Birki kam ban taɓa ba, tunda ba inda za ta je. Bututunsa duk tsatsa ta cinye, wayar birkin hannu ma saura ƙiris. Matsalar ita ce duk sanda ya zauna a ciki sai ya taka birki sau uku, kin san al'adarsa. Da ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa ya ce, "Wannan fa?" Na san in na ce ban yi ba zai tsare ni sai na yi, daga nan kuma mota ta kammala. Sai na cika mata man birki don ya ji tauri a ƙafarsa, na ce an gama. Ya taka, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yanzu ka yi aiki."

Kada ki yi mini faɗa da yawa. Rota yana aljihuna, ina taɓa shi ma yanzu da nake rubutu.

Ƙaninki,
Auta

Juma'a

Auta,

Salama da gaisuwa a gajarce.

Kai wane irin mutum ne? Na ce kada ta motsa, ka tada ta. To, wannan na yafe, da na ga dariyar nan ƙila ni ma in yi. Amma ka ce wa direba birki na nan alhali babu? An gudu ba a tsira ba ke nan! Ni ban san rota ba, ban san kafireto ba, alli na sani. Amma na san Baba. Wanda ya koya maka riƙe sifana, shi kake ganin ka yi wa wayo da abin da ke aljihunka?

Yanzu hanya biyu ce. Ko ka gyara birkin nan gobe-goben nan, ko ka kwance tayoyin huɗu ka ɗora ta a kan bulo. Rabi da rabin nan shi zai kashe mu. Na yi ta kiran wayarka in gaya maka, Baba ke ɗauka, sai in ɓige da tambayar ciwon gwiwarsa.

Na kasa cin abinci. Ka yi wa Allah ka yi ɗaya daga cikin biyun kafin ka ninke takardar nan.

Yayarka

Lahadi, a asibiti

Yaya,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don a waya jiya kuka ya hana ni faɗin komai bayan shi. Haƙarƙari biyu ne da ƙashin kafaɗa. Ba wanda ya mutu. Tunda bas ɗinki sai Talata, ga yadda aka yi, don ban ga alamar zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Takardarki ta zo jiya da safe. Ina karantawa na hau babur na tafi kasuwar kayan mota sayen bututun birki. Wajen ƙarfe goma ke nan. Matata na bayan gida tana shanya.

Ina dawowa, na iso mahaɗa zan hau gangare, sai na ji murya. Na san muryar injin nan a cikin dubu, ni na tada shi. Na sa hannu a aljihu, rota na nan. Na ɗaga kai, sai ga Shuɗiya ta fito daga ƙofar gareji, Baba a sitiyari, hularsa a daidai.

Ashe yana da nasa. Tela ne ya gaya mini daga baya. Direbobin zamaninsu in za su ajiye mota a garin da ba su sani ba, rota suke zarewa saboda ɓarayi, kuma kowannensu yana da na ajiya ko da na farko ya faɗi. Na Baba yana cikin gwangwanin da yake ajiye reza. Da lalube ya sa shi, ba ya buƙatar ido.

Ta taho a hankali har wajen shagon aski. Na ga ta ɗan rage gudu sau ɗaya, ya taka birki ke nan. Sai na ga man birki ya tsiyayo a kan kwalta a bayanta, motar ta ƙara gudu. Na tsayar da babur. A bayana akwai mutum sun kai goma sha biyar suna jiran bas, har da wata mai ciki da kwando a hannu. Na buɗe baki in ce su gudu. Amma abin da ya fito shi ne, "Baba, babu birki!" Kamar bai sani ba.

Na ji ya sauke giya daga uku zuwa biyu, injin ya yi kururuwa. Ya ja birkin hannu, wayar ta tsinke, har inda nake na ji ƙarar. Mutane suka fara ihu suna watsewa, wasu ta hagu wasu ta dama, shi kuwa ba ya ganin ko ɗaya. Sai ya karya sitiyari dama. Kin tuna doguwar katangar sito da ke gefen hanya? Ya manna mata gefen motar ya riƙe. Ƙarfe na kuka, wuta na tartsatsi, madubi ya tashi sama. Haka ya goge ta tun daga tsakiyar katangar har ƙarshe. Ta tsaya taku bakwai daga inda mai cikin nan ta durƙushe. Na auna daga baya, ban san dalili ba.

Da na buɗe ƙofa abin da ya fara cewa, "Na taɓa wani?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka duba ƙarƙashi." Na duba. Na ce babu kowa. Ya ce, "Ka ce mini an gama birki." Daga nan bai ƙara yi mini magana ba.

Yana magana da likita, yana magana da matata, har da mai shara ya yi raha. In na shigo sai ya juya fuska bango. Ina zaune a kan bencin waje, bututun nan da na sayo har yanzu yana cikin jakata. Jiya mutuwarsa nake tsoro. Yau kuma tsoron da nake ji shi ne ya tashi ya bar duniya watarana bai sake kiran sunana ba, kuma ba zan ce bai yi daidai ba.

Motar tana gareji, an jawo ta. Na yi niyyar kiran masu sayen ƙarfe su yanka ta, amma na daina yanke shawara ni kaɗai. Ki zo, Yaya.

Ƙaninki,
Auta

Litinin

Zuwa ga Auta, kuma a nuna wa yayarsa in ta iso.

Assalamu alaikum. 'Yar maƙwabcin gadona ce ke rubuta mini. Na zaɓi takarda don in na buɗe baki a gabanka yanzu zan faɗi abin da ba ya komawa.

Ka yi mini ƙarya a kan birki. Ko maƙiyinka ne ya kawo maka mota, ba ka yi masa wannan. Ni kuma na hau titi ina sane ba na gani, da mutane a gabana. Nawa ya fi naka girma. Sai mu nemi gafara tare.

Kada a yanka ta. Ka yi birki, na gaske, ka gwada shi a gabana. Ka sa sabon madubi. Makulli ya zauna a wurinka, kai za ka riƙa fita da ni.

Gefen da ya goge katanga kuwa kada ka buga, kada ka yi masa fenti. Nan gyaran ya tsaya. Na san kaina, watarana zuciyata za ta sake ce mini na iya. Ranar sai ka kama hannuna ka ɗora a wurin.

Ka bar zaman benci, ka shigo ka gyara mini matashin nan.

Babanku