Ka Bar Ƙahon a Gida

Unguwar Shanu, Kaduna
Watan Sha'aban, 1976

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya. Yaya Inna da Turai, yaya damina?

Audi direba ya kawo saƙonka, wai za ka taho da zabirarka ta wanzanci ka yi mini ƙaho a ƙafa. Kada hankalinku ya tashi, da sauƙi, sai dai takawa ce har yanzu sai da sanda.

Da sharaɓar ta kumbura na ɗauka taka keken ɗinki ne. Likita ya auna ƙafafun biyu da tef irin namu na teloli, ya ɗauki hoto, ya ce jini ne ya daskare a jijiya can ciki. Ya hana tausa, don gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. An yi mini allurai, yanzu ina shan ƙwayar da ke tsinka jini. Jiya allurar ɗinki ta ɗan soke ni a yatsa, sai da na gaji da dannewa kafin jinin ya tsaya. To ina ga tsagar aska?

Baba, da hannun nan naka ka ciyar da mu, ban raina shi ba. Amma wannan karon ba zan miƙa ƙafa ba, ko za ka yi fushi. Zan shanye maganin har ƙarshe.

Ka zo, ina son ganinka, ƙahon dai ka bar shi a rataye. Sumata ta taru, ban bari kowa ya taɓa ba. Na ajiye maka ita sai ranar da likita ya sallame ni.

A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Haladu