Karan da Ka Bari a Bayan Kujerar Mota

Zuwa ga yayana, marigayi Sale Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Mutanen gida a Farin Dutse suna lafiya. Matarka Hajara ta fita takaba tun kafin saukar damina, yara kuma suna zuwa makaranta.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai halin da akori-kurarka ta shiga. Na san ba za ka karanta ba. Amma shekara da shekaru duk abin da na rubuta a littafina kai nake fara karanta wa, ka ce ya yi ko bai yi ba, kuma har yau ban sami wanda zai karɓe ka ba.

Kulocinta ya ƙone a kan hanyar Dingaya, da buhu shida kacal a bayanta. In na taka mai sai injin ya yi ta kuka, motar tana tsaye, ga ƙauri kamar an babbake ƙaho. Da shanu aka jawo ta gida. Na daɗe ina tunanin ko ƙafata ce ta jawo, don ka sha gaya mini ina kwantar da ita a kan kuloci kamar mai jiran a kawo masa ruwa.

Baffa Haruna ya tara mu ya ce motar ta marayu ce, ba za a bar ta ta ruɓe a ƙofar gida ba. In har ba ta tashi kafin a fara kakkaɓar riɗi ba, za a sayar wa 'yan gwangwan a saya wa yaran tumaki. Ban musa ba, don maganarsa tana kan hanya. Amma na san abin da 'yan gwangwan suke yi wa mota da guduma.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko takardun motar, na kwafe sunanta da shekararta da lambarta, na hau bas zuwa Birnin Kudu. Wani shago na samu a bakin titi, na miƙa takarda, aka ba ni faifan kuloci sabo a kwalinsa. Na dawo ina jin kaina.

Malam Ɗanjuma bakanike ya zo daga Gwaram a kan babur, ya sauke giyar motar, ya gwada. Faifan ya ƙi shiga, haƙoran tsakiyarsa ba su dace da sandar giya ba. Ya tambaye ni ko na manta ka sauya wa motar inji da giya tun shekarar da aka haifi 'yarka Ummi. Ban manta ba, Yaya, yana cikin littafina, har da ranar. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa takarda za ta ci gaba da faɗin abin da ya daina zama gaskiya ba.

Na ce to a ba ni tsohon faifan in kai a ba ni irinsa. Malam Ɗanjuma ya juya shi, ya nuna mini sawun da ke jikin filawil, wato ƙarfen da faifan ke mannuwa da shi. Sawu biyu ne, wani cikin wani. Ya ce direban da muka ɗauka lokacin da kake kwance ba lafiya ƙaramin faifai ya sa, shi ya sa bai yi ƙarko ba. Wato tsohon ma ba shi ne gwajin ba. Na ɗan ji sanyi cewa ba ƙafata kaɗai ba ce, sannan na ji kunyar jin sanyin.

Na auna babban sawun da rula sau huɗu, na sami amsa uku. Na rubuta dukkansu, na zauna ina kallonsu. Mako biyu motar tana kan duwatsu, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, riɗi kuma ya fara ja a gona.

Hajara ce ta fitar da ni. Ta aiko a kira ni, ta miƙo mini wani guntun karan dawa da ya sha baƙin mai. Na gane shi. Bayan rasuwarka na share motar tas, na kwashe tarkacen bayan kujera na kai mata ta hura wuta. Ta ce ta ƙona sauran, wannan kuwa ta ɓoye shi a cikin kwalla, don duk ranar da za ka je sayen kayan mota sai ta gan shi a aljihunka.

Na ɗora shi a kan babban sawun, ya zauna daga baki zuwa baki. A jikinsa akwai tsaga-tsagar wuƙa. Na ƙirga su, na ƙirga haƙoran sandar giya, suka zo daidai. Na tuna yadda kake min dariya: "Boko, ƙarfe ba ya karatu, gwada shi ake yi."

Ka san ni na yanko karan da aka auna ka da shi aka kai wa masu haƙa kabarinka. Tun ranar ban ƙara riƙe kara don awo ba sai wannan.

Hajara ta kwatanta mini shagon da kake zuwa, can cikin lungu bayan tasha. Wani dattijo na tarar. Na ɗora karan a kan tebur. Ya ɗauka ya duba, ya yi murmushi, ya shiga ciki ya fito da faifai, ya gwada, ko gashi bai rage ba. Sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ina mai karan? Ko ya yi girman da zai riƙa aike?"

Wata tara ke nan da rasuwarka, ashe akwai wurin da kake raye har ranar. Ni na gaya masa. Ya cire hula ya mayar, ya yi maka addu'a mai tsawo, ya naɗe karan a takarda da hannunsa kafin ya ba ni.

Jiya motar ta tashi. Na kai ta Basirka da riɗin Hajara na bara, na dawo, ba ƙauri. Baffa ya zagaya ta sau ɗaya ya ce a bar ta. Na rubuta awon a littafi, sai na ji ban yarda da rubutun ba, na yanko sabon kara na tsaga shi kamar naka. Duka biyun suna bayan kujera.

Kujerar ban matsar da ita ba. Ka fi ni tsawo, sai na miƙe ƙafa sosai kafin in kai kuloci ƙasa. Malam Ɗanjuma ya ce hakan zai cinye sabon faifan, in jawo ta gaba. Gaskiya ya faɗa. Gobe zan jawo ta, shi ya sa na fara gaya maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci fiye da awon da na yi, Ya raya abin da ka bari, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ƙaninka da kake kira Boko,
Isa