Ƙafar Zabuwa da Idon Baba

Tajaye, 10 ga Yuni 1985

Zuwa ga Yayana Labbo, barikin soja, Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara tsarewa. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, 'yar'uwarmu Zara kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, abin da ya sa na rubuto ba ƙarami ba ne. Ranar Alhamis aka yi ruwan farko, gari duk ya fita shuka, ban da gidanmu. Ka san yunwar bara ba ta bar mana komai ba sai tiya biyar ta iri. Baba ya ce ba za a taɓa ta ba sai taurarin nan huɗu ƙanana na kudu, waɗanda yake kira Ƙafar Zabuwa, sun tsaya bisa gawon bayan gida da isha. Baffa Chindo ya yi faɗa har maƙwabta suka ji, ya ce laima ba ta jiran tsoho. Kwana uku ke nan ba sa gaisawa.

Jiya da isha na raka Baba wajen gawon. Ya daɗe yana dubawa, ya ce mini da saura. Yaya, gabas ya fuskanta. Na ɗaga hannuna gaban fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Ashe idon ya tafi, yana ɓoyewa. Ban faɗa wa kowa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na duba kudu har wuyana ya ƙage, amma taurarin sun yi dishi-dishi, ban san su ba. Kai kaɗai ya koya wa.

Malami direba zai ba ka takardar nan, ranar Asabar zai juyo. Don Allah ka duba sama, ka zana mini su, ka faɗa mini ko lokaci ya yi. Irin yana ƙarƙashin gadona, don Baffa ya rantse zai fasa rumbu. In Asabar ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan ce wa Baba na gan su, mu shuka. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, Allah ya yafe mini.

Ka gai da matarka A'i da yara su Mariama. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Shatu