Ƙafar abokina ce ke makara, amma yatsana ake zargi

Malam mai filin shawara, ka taimake ni da abin da Allah Ya hore maka na tunani, don nawa ya ƙare. Ban taɓa zaton zan tsufa in kawo ƙarar kaina jarida ba, amma ga ni. In ka ga ina ta kewaye ka yi haƙuri, a hannun kakata na tashi, ita kuwa ba ta shiga labari ta ƙofa sai ta zagaya ta bayan gida.

Ni makaɗin jita ne, ba ƙaramar nan mai kukan sauro ba, babbar mai tsirkiya huɗu masu kauri da ake kira bas. Kiɗan da na tsufa a cikinsa shi ne fonk. A wannan kiɗa ba a lallaɓa tsirkiya, marinta ake yi da gefen babban yatsa, yatsan ya taɓa ya janye kamar ya taɓa garwashi. In ya kwanta a kanta, sautin ya mutu. Sai kuma a saƙala manuniya a ƙarƙashin siririyar tsirkiya a fizgo ta, ta koma ta daki wuyan jitar ta ce tas. Hannun hagu kuwa ɗan sanda ne, aikinsa toshe bakin tsirkiyoyin da ba a ba su izinin magana ba. Duk wannan mai ƙwazo zai iya shi cikin 'yan watanni. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda za ka yi shiru, domin a cikin shirun nan ne mai rawa yake samun wurin ajiye ƙafarsa.

Ina da aboki, mai gangunan ƙungiyarmu. Agogo muke ce masa, saboda a da in ya ɗauki kiɗa ko rufin ɗaki ya faɗo ba zai gusa ba. Tun muna da baƙin gashi muke tare. Yau ɗana ne ke auren 'yarsa, jikokinmu ɗaya, suna hawa cinyata su sauka su hau tasa. Marigayi maigidanmu, wanda ya kafa ƙungiyar, ya koya mini wata ɗabi'a da ban taɓa bari ba: ina tsayawa ne dab da Agogo, in jingina ƙafata ta hagu da jikin babbar gangar da yake takawa. Kafin kunnena ya ji bugun, ƙashina ya riga ya ji. Yatsana da ƙafarsa su sauka tare, har mai sauraro ya kasa raba su, ya ɗauka abu ɗaya ne mai nauyi ya faɗo. A fonk wannan bugun na farko shi ne komai, saura duk ado ne.

Bara Agogo ya kwanta ciwo, ya daɗe a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗunsa, ya dawo yana tafiya da ƙafarsa, sai dai in ya gaji yana ɗan jan ta dama. Ranar da ya koma kan ganguna muka yi ta murna. Amma muna shiga waƙar farko na ji abin a ƙafata: bugunsa yana zuwa a makare. Ba wata makara ba ce, ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo. To amma a aikinmu wannan ɗan abin rami ne. Na dube shi, yana ta murmushi, gumi na zuba, kamar yaron da aka mayar wa abin wasansa. Sai na ce a raina gobe zai warware. Na jira shi, na saukar da yatsana tare da ƙafarsa.

Goben ba ta zo ba. Da na ga jiran yana sa kiɗan ya yi nauyi kamar motar da ta ɗauki kaya fiye da kima, sai na shiga cike ramin. Nan in saka ɗan bugu a kan tsirkiyar da na danne, can in fizgo siririya, in ƙara wani ado, duk don in janye kunnen mutane daga inda ɓarakar take. Ni da aka sani da rowar sauti, na koma mai surutu.

Har muryar jitata na sauya. A da tsofaffin tsirkiyoyi nake so. In sun dushe sai in tafasa su a ruwa, dauɗar hannu ta fita, in shanya su in mayar. Maiɗakina ta gaji da faɗa har ta ware mini wata tsohuwar tukunya, ta ce in na sake taɓa tukwanenta zan ci tsirkiya a abincin rana. Sautin da nake samu mai kauri ne, zagayayye, da ɗan cizo a bakinsa, irin wanda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Amma adon da nake yi yanzu ba ya fitowa da irin wannan murya, sai na sayi sababbin tsirkiyoyi, na murɗa maɓallin kaifi a jikin lasifika. Yanzu in na buga kamar an watsa cokula a faranti. Ni kaina ba na son jin kaina.

Kwanakin baya muna gwaji a ɗakin da muka saba, wani tsohon gareji da muka lulluɓe bangonsa da katifu, sai mai piyanonmu ya ɗauki sautin a wayarsa ya kunna mana. Ka san waya, Malam, ba ta da cikin da za ta fitar da babbar ganga. Ƙafar Agogo ba a ji ta ba sam. Abin da ya cika ɗakin shi ne tas-tas ɗina, ba kai ba gindi. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Agogo ya yi gyaran murya, ya yi magana a gaban kowa, a hankali, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce ya daɗe yana jin hannuna ya lalace amma kunya ta hana shi faɗa, wai na shiga tsere da yaran da ke nuna gwaninta a bidiyo, wai tsufa ba laifi ba ne, in na huta ba wanda zai zarge ni. Har ya dafa kafaɗata. Na saka jitata a jaka na fita, ko sallama ban yi ba.

Shugabarmu yanzu ita ce mawaƙiyarmu, 'yar marigayi maigidanmu, wadda muka goya ni da Agogo. Ta zo har gida, ta zauna a bakin kujera tana ta Baba kaza Baba kaza, tana murza gefen mayafinta. Ta ce mai zauren da muke wasa duk ƙarshen mako ya yi ƙorafi, mutane sun daina tashi rawa, suna zaune suna kallo kamar an zo lacca. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in koma kiɗana na da, ko ta kawo wani ya riƙe bas.

Ka ga inda na tsaya. In na koma kiɗana na da, na sauka a kan lokaci, kafin a gama waƙar farko kowa zai ji ƙafar wa ke makara. In na yi shiru na tafi, wanda za a kawo ba zai jira shi ba, zai tona shi a gaban jama'a, ba ni kuma a wurin. In na faɗa masa, matarsa da bakinta ta gaya mini cewa son komawa kan gangunan nan ne ya tashe shi daga gado. Ga kuma zuciya, ba zan ɓoye maka ba, maganarsa ta ƙona ni. Tun ranar, in ya zo ganin jikoki sai in tsiri zuwa kasuwa. Maiɗakina ta ce wai daɗin zama wanda aka zalunta nake ji, in je in faɗa masa kawai. Ita komai a wurinta kamar cire ƙaya ne.

Da na sani, tun ranar farko da na ji abin a ƙafata na ja shi gefe. Lokacin magana ce ƙarama. Yanzu ta yi 'ya'ya. Me zan yi?

Naka, Mai Babban Yatsa.

*

Ɗan'uwana Mai Babban Yatsa, na karanta wasiƙarka, kewayen ma bai gundure ni ba. Ni ko ganga aka ba ni sai dai in ɗora mata shayi, amma matsalarka ba ta jita ba ce, don haka zan sa baki.

Da farko, abin da ka yi ƙauna ce, kada kowa ya ce maka ba ita ba ce. Mutumin da zai ɓata muryar da ya yi shekaru yana ginawa don ya rufa wa abokinsa asiri ba ƙaramin aboki ba ne. Amma garin gyaran gira ka taɓa ido. Kai ka ce yatsanka da ƙafarsa tare suke sauka. To da me Agogo yake auna kansa in ba da kai ba? Duk sanda ya makara, ya saurara, sai ya ji ka tare da shi, ya ce lafiya lau. Kai ne madubinsa, ka yi ta nuna masa fuskar bara. Da a watan farko ya ji ramin, wataƙila da ya koma wurin likita, ko ya dage da motsa ƙafar.

Na biyu, ka sauke fushin nan. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Hannunka ya yi surutu, sautinka ya yi kaifi, kai ma ka faɗa. Abin da ya ji shi ya faɗa, dalilin ne bai sani ba, kai kuwa ka ɓoye masa dalilin. Kuskurensa ɗaya, ya yi maganar a gaban mutane. Amma ka lura, shi ma ya daɗe yana jin aibinka yana haɗiyewa don kunya. Tsofaffi biyu, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri, kiɗa na mutuwa a tsakaninsu. Ka kuma bar wata ƙofa a buɗe: mai yiwuwa ya san ƙafarsa fiye da yadda kake zato, tsoro ne ya hana shi dubawa.

Tafiya a shiru kuwa ka cire ta daga lissafi. Ba sadaukarwa ba ce, barin sa ne a hannun wanda ba zai tausaya masa ba.

Ga abin da nake gani. Ka ɗauko tukunyar nan da aka ware maka, ka tafasa tsofaffin tsirkiyoyinka, ka mayar da maɓallin inda yake a da. Ka je gidansa da ƙafarka, ka gaishe shi yadda kuka saba, ka roƙe shi ku je garejin ku biyu, ba mawaƙiya, ba mai waya. Ka ce masa ka ji maganarsa, kana son ka gyara, gaskiya ce kuwa. In kun fara, ka janye ƙafarka daga jikin gangarsa. Ka buga kiɗanka na da, mai rowa, a kan lokaci, kada ka jira shi, kada ka cike komai. Mutumin da ake kira Agogo ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan makara, kunnensa zai gaya masa. In ya tsaya ya dube ka, to nan ne za ka yi magana, kuma ka fara da naka: tun yaushe ka sani, me ya sa ka yi shiru, ka nemi afuwarsa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu bai neme ka ba. Ka jure, jikoki za su yi muku sauran aikin.

Bayan nan ku zauna ku yi dabara irin ta masu sana'a. Ya koma wurin likita a duba ƙafar. Ku rage wa ƙafar aiki, a bar mata bugun farko da ka ce shi ne komai, ku sassauta gudun waƙoƙin da suka fi ƙarfinta, ya riƙa hutawa a tsakani. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sannan ku je wurin 'yarku mawaƙiya tare, ku biyu, shi ya faɗa mata da bakinsa. Yarinyar da ke murza mayafi a gabanka ba korar ku take so ba, mafita take nema.

Ba zan yi maka alkawarin ƙafar za ta dawo kamar da ba. Mai yiwuwa ƙarshenta ya miƙa sandunan kiɗan ga wani. In haka ta kasance, gara ya sauka da kansa, da saninsa, kana tsaye a gefensa, da a sauke shi a gaban 'yan kallo. In kuwa ta dawo, ko da rabi ne, sai ka mayar da ƙafarka jikin gangar.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata na ce ta fi mu gaskiya, illa dai ƙayar ta yi zurfi, sai a hankali. Allah Ya ƙara wa abokinka lafiya, Ya sanyaya zukatanku, Ya sa yatsanka da ƙafarsa su sake sauka tare.