Ƙofar Dutse Mai Baka

Kawu Sule,

Assalamu alaikum, gaisuwa da ladabi. Yaya jiki, yaya sanyin Bukuru mai sa ka kwana da hula biyu? Ina Inna Hajo da yara? Nan unguwar Shamaki a Gombe kowa lafiya, ban da ni.

Maƙwabcinmu Baba Bulus ya cika yabon cocin Katolikan 'yan kuza da kuka gina zamanin Turawa, musamman ƙofarsa ta dutse mai baka, mai lanƙwasa daga sama. Na ce masa, "Ai hannun Kawu na gada, ido rufe zan yi irinta." Wallahi wasa nake. Sai ya kai ni gun Fada, limamin cocinsu, aka ba ni ginin ƙofar sabon cocinsu.

Bakan ya tsaya, amma katako ke tokare da shi, kuma Fada ya ce a cire kafin Lahadi ta sama. Kawu, me ke riƙe dutsen tsakiya? Jikar Baba Bulus ce za ta fara shigewa ƙarƙashinsa da waƙa.

Don Allah ka hawo jirgin ƙasa ka zo ka duba. In ka ce a rushe, da hannuna zan rushe, Gombe ta yi dariyarta.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka marar ji,
Garba