Kawu Sale da Hukuncin Ƙara Mai

Zuwa ga mai girma Yaya Hadiza, shugabar ma'aikatan jinya ta zuri'armu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya aiki, yaya damina, yaya ƙafar Hajiya?

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa Kawu Sale ya rufe shagonsa na kasuwar Canaan a nan China kwana uku cur, ya ɗebe mu a mota, ni da Gwaggo da 'ya'yansu, zuwa duwatsun da ke arewa da birnin Guangzhou. Yaya, na ga gajimare a ƙarƙashin ƙafata!

Kin san hawan jininsa, don haka hankalin Gwaggo ya tashi da ya rantse sai ya kai ƙololuwa, cikin babbar riga kuwa. A tsakiyar matakala ya zauna yana haki. Sai 'yan China masu wucewa suka riƙa tafa masa suna cewa, "Jayo! Jayo!"

Ya ce, "Ɗalibi, fassara."

Na ce ma'anarsa "ƙara mai", kuma haka suke ƙarfafa wa mutum gwiwa. Rabin farko kaɗai ya ji. Ya miƙe kamar saurayi, ya riga mu isa sama. Can ya dubi Gwaggo ya ce, "Wata shida kina ba ni miya ba mai. Yau ga al'umma guda ta yanke hukunci."

Tun dawowarmu soyayyen nama yake nema, Gwaggo kuma ta ɗora laifin a kan ilimina. Don Allah ki kira shi, ke kaɗai yake tsoro.

Ki gaida kowa, a sa jininsa da mutuncina a addu'a.

Ƙaninki, babban tafinta,
Nura