Sunan Malam a Bakin Tafinta

Daren Alhamis, tsakiyar Rajab

Barci ya ƙi zuwa, zuciyata sai tafasa take. Yau aka karrama waɗanda suka taimaki makarantar koyon alƙalanci.

Malaminmu, Goni na Yakasai, shi ya ba makarantar littattafan da kakansa ya zo da su daga Barno, ya kuma karantar da ɗalibanta tun ba ta da rufi. Da aka zo kansa, Baturen da ke raba kyaututtukan ya ɗauko alkyabba, sai Garba tafinta ya ɗaga murya gaban alƙalai da ɗalibai, ya ce, "Bukar, taso ka karɓa!"

Bukar! Gatsal haka, kamar yana kiran ɗan dako. Sunan da ko matan gidansa ba sa faɗa.

Bature baƙo ne, ban ga laifinsa ba. Amma Garba a zauren Malam ya koyi alwala.

Malam ya karɓa, ya ce wa Garba, "Madalla, yaro." A hanya na fara magana, ya ce, "Bari, Sani."

Na bari. Amma da asuba Garba zai zo ɗaukar karatu. Ina nan bakin zaure, in ji da wane baki zai ce "Allah gafarta Malam."